Tafiyar Kallo da Ladubbanta: Faɗakarwa a kan Masu Bin Wasan Ƙwallon Kwando na Mata

(Kiɗan buɗe shiri)

Bismillahir Rahmanir Rahim.  Jama'a masu saurarenmu, na cikin garin Tamaske da ƙauyukan da ke kewaye da shi, da na Keita da Buza da Madawa, da 'yan'uwanmu Adarawa waɗanda neman halali ya kai su Yamai ko Kano ko Abijan, barkanmu da warhaka, da fatan kowa ya wuni lafiya tare da iyalinsa.

A shirinmu na yau za mu ɗauki wani al'amari wanda, in dattijo ya ji an ambace shi da fari, watakila ya ce ina ruwan mutumin Adar da wannan, alhali kuwa in ya yi haƙuri ya saurare mu har ƙarshe zai tarar maganar ta zagayo har ƙofar gidansa: watau al'amarin mutanen da ke barin garuruwansu, su biya kuɗin mota ko na jirgi, su sha wahalar hanya, domin kawai su zauna su kalli waɗansu mata, waɗanda ƙwallon kwando ya zama sana'arsu, suna gwada ƙwarewarsu na minti 40. Muradinmu shi ne mu gane abin da tafiyar nan take haifarwa na alheri, da haɗarin da ke tattare da ita, da ladubban da suka kamaci Musulmi mai mutunci in ya yi nufin yin ta.

Tafiya domin kallo dai ba baƙuwa ba ce a ƙasar Adar, domin kuwa a birnin Tawa aka buɗe gasar kokowa ta ƙasa baki ɗaya a shekarar 1975, inda Yakuba Ango, wanda aka fi sani da Kantu, ɗan kokowar Maraɗi, ya ɗauki takobi na farko. Kuma tun daga wannan shekara, duk jihar da gasar ta sauka, za ka ga samari da magidanta sun cika motoci, wani ya sayar da buhun albasa, wani ya ranci kuɗin hanya, wani ya sauka gidan dangin da rabonsa da su shekaru, duk don kada a ba su labarin kaye a bakin wani. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Kowane ɗan kokowa kuwa zai shaida maka cewa in ya shiga fage ya ji muryar mutanen garinsu daga cikin taro, wani ƙarfi yakan zo masa wanda bai san yana da shi ba. Saboda haka ɗabi'ar mun gaje ta. Abin da yake sabo a gare mu abu biyu ne, cewa wasan daga wata ƙasa ya zo, da cewa masu yin sa mata ne.

Bari mu fara da wasan kansa, domin hukunci a kan abu reshe ne na saninsa. A watan Disamba na 1891, a garin Springfield na ƙasar Amurka, wani malamin motsa jiki ɗan asalin Kanada, mai suna James Naismith, da ya ga tsananin sanyi ya tsare ɗalibansa a ɗaki, sai ya rataye kwanduna biyu na zuba 'ya'yan itace a jikin baranda, ya raba samarin gida biyu, ya ce kowane ɓangare ya yi ƙoƙarin jefa ƙwallo cikin kwandon abokin hamayyarsa. Tsawon da ya rataye kwandunan, mita 3 da santimita 5, shi ne ake bi har gobe. Filin wasan ƙanƙane ne, mita 28 a tsaye, mita 15 a kwance. 'Yan wasa biyar-biyar ne ke shiga daga kowace ƙungiya. Ana raba lokaci kashi huɗu, kowane kashi minti 10. Ƙungiyar da ƙwallo ke hannunta daƙiƙa 24 kaɗai gare ta ta kai jifa. Jifar kusa maki 2 ce, ta nesa daga bayan layi maki 3, ta hukunci maki 1. Wadda kuwa ta yi laifi sau biyar, na tura ko riƙo ko duka, alƙalin wasa zai fitar da ita, ba ta komowa. Wanda ya riƙe waɗannan ƙa'idoji kaɗan ya isa ya zauna a gefen fili ya fahimci abin da idonsa ke gani.

Mata ba su yi jinkirin shiga ba. A 1892 wata malama, Senda Berenson, ta gyara dokokin wasan domin ɗalibanta mata a kwalejin Smith, kuma abin lura a nan shi ne, a wasan farko da aka yi tsakanin azuzuwan wannan makaranta a watan Maris na 1893, rufe ƙofa aka yi, ba a bar namiji ko ɗaya ya shiga kallo ba. Wanda ke nuna mana cewa mas'alar kunya da tsare mutuncin 'ya mace, wadda muke tattaunawa yau, su ma sun fuskance ta a zamaninsu. Shekaru masu yawa suka shuɗe kafin a shigar da ƙwallon kwando na mata cikin wasannin Olamfik, a birnin Monreyal a 1976, sa'an nan a 1997 aka fara babbar gasar ƙwararru ta mata a Amurka, wadda ake kira WNBA, inda 'yar wasa ke karɓar albashi kamar kowane ma'aikaci.

(Ɗan gajeren kiɗa)

To, jama'a, ga tambayar da ke tsakiyar shirinmu: wannan albashi daga ina yake fitowa? Amsa ita ce, daga aljihun ɗan kallo da ƙafarsa. Shi ne ke sayen tikiti. Yawan irinsa ne ke sa gidajen talabijin su biya kuɗi mai yawa domin a ba su izinin nuna wasan. Ganin cikar wurin ne ke sa kamfanoni su manna sunayensu a rigunan 'yan wasa. Kuma hukuma kanta, in za ta gina zauren wasa ko ta gyara fili, takan duba inda jama'a suka karkata. Alal misali, a shekarar 2024, da wata matashiya mai suna Caitlin Clark ta shiga ƙungiyar Indiana Fever, mutane suka riƙa bin ta gari-gari har waɗansu ƙungiyoyi suka ƙaurar da wasanninsu zuwa zaurukan da suka fi nasu girma, kuma a ranar 19 ga Satumba na wannan shekara mutum 20,711 suka taru a birnin Washinton domin wasa ɗaya. Ke nan wanda ya tashi daga garinsu ya je kallo, ko ya sani ko bai sani ba, shaida ya bayar cewa wahalar da matan nan suka sha ta kai a biya ta. Wanda kuwa ya zauna gida, shi ma shaida ya bayar, da shirunsa.

Kada kuma a zaci labarin na Turawa ne kaɗai, domin maƙwabtanmu na kusa sun yi nisa a cikinsa. Matan Senegal sun ɗauki kofin Afirka sau 11. Matan Mali, ƙasar da muke tarayya da ita a addini da yanayi da iyaka, sun ɗauke shi a Dakar a 2007, ƙarƙashin jagorancin Hamchétou Maïga, wadda ta riga ta ci gasar Amurka tare da ƙungiyar Sacramento a 2005. Matan Najeriya, waɗanda ake wa laƙabi da D'Tigress, bayan nasarorinsu na 2003 da 2005, sun jera kofi biyar babu wanda ya katse su: a Bamako a 2017, a Dakar a 2019, a Yawunde a 2021, a Kigali a 2023, da Abijan a 2025. Ku duba fa, ko ɗaya daga cikin biyar ɗin nan ba a gida suka ci shi ba; a Dakar ma, masu masaukin baƙi suka doke da maki 60 da 55, a zauren da Senegalawa suka cika maƙil. A irin wannan rana, 'yan tsirarun da suka biyo su daga gida, da 'yan ci-ranin da suka rufe shagunansu suka zo, kowane ɗaya daga cikinsu ya tsaya a madadin mutum ɗari.

Sa'an nan ga abin da ya faru a wasannin Olamfik na Faransa a 2024, wanda ya cancanci kowane Ba'afirke ya riƙe shi. A ranar 29 ga Yuli, a kusa da birnin Lil, matan Najeriya suka doke Ostireliya da maki 75 da 62, shekara ashirin bayan nasararsu ta farko a kan Koriya ta Kudu a birnin Atina. Ranar 4 ga Agusta suka doke Kanada da maki 79 da 70, suka zama ƙungiya ta farko daga Afirka, ta maza ko ta mata, da ta taɓa shiga sahun takwas na ƙarshe a wannan wasa a Olamfik, kafin Amurka ta tsayar da su da maki 88 da 74. Mai horar da su a lokacin mace ce, Rena Wakama, kuma a cikinsu akwai Murjanatu Musa, wadda ta fara wasa a gasar cikin gida kafin sana'ar ta kai ta Sifen da Faransa. Wasan ƙarshe na kofin Afirka na 2025 kuwa, inda suka rinjayi Mali da maki 78 da 64 a ranar 3 ga Agusta, a unguwar Treichville ta Abijan aka yi shi, birnin da kusan kowace zuri'a a Tamaske take da ɗa ko ƙane a cikinsa. Mu ma nan Nijar mun taɓa zama masu masauki, lokacin da Yamai ta karɓi wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci karo na biyar, daga 7 zuwa 17 ga Disamba 2005, kuma ƙwallon kwando na mata yana cikin abin da aka yi.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Yanzu sai mu juya ga abin da muka san yana cin zuciyar iyaye da malamai, kuma ba za mu kewaye shi ba, domin faɗakarwar da ta ɓoye wurin ciwo ba ta cika nasiha ba. Bayar da fatawa aikin malamanmu ne, mu tunatarwa muke yi da abin da suka karantar da mu. Asalin motsa jiki da kallonsa halal ne matuƙar bai haɗu da haram ba. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa a wata ranar idi Habashawa suna wasa da masu a cikin masallacin Madina, Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya tsaya ya kare Uwar Muminai A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, da mayafinsa, tana kallo har sai da ita da kanta ta ƙoshi. Abu Dawuda kuma ya ruwaito cewa ya yi tseren gudu da ita sau biyu a halin tafiya, ta tsere masa a na farko, ya tsere mata a na biyu. A cikin waɗannan ruwayoyi akwai izini, akwai kuma iyaka: an yi kallo, amma da sutura, an yi wasa, amma da kamun kai.

Gaskiya ne galibin ƙwararrun da muka ambata suna wasa da tufafin da ba su dace da urfinmu ba, kuma namijin da ya san ba zai iya runtse idonsa ba, zamansa a gida ya fi masa alheri ga addininsa. Amma ya kamata a san cewa mata Musulmi sun yi gwagwarmaya a kan wannan, kuma sun yi nasara. A watan Satumba na 2014, a wasannin ƙasashen Asiya da aka yi a Koriya ta Kudu, aka ce wa matan Ƙatar sai sun tuɓe hijabinsu kafin su shiga fili, suka zaɓi su bar gasar baki ɗaya. Wata Ba'amurkiya Musulma, Bilqis Abdul-Qaadir, ta haƙura da sana'ar da ta yi shekaru tana shiri dominta, ta tsaya tana kira a canja doka. Har a watan Mayu na 2017 hukumar wasan ta duniya, FIBA, ta amince da rufe kai, dokar ta fara aiki a watan Oktoba. Saboda haka yau yarinyar Keita ko ta Buza tana iya shiga fili da dogon wando da riga mai hannu da kanta a rufe, babu alƙalin da zai fitar da ita.

Akwai wani haɗari kuma da ya fi na tufafi muni, wanda ambatonsa ya zama wajibi. A 2021 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta bayyana cewa an ci amanar waɗansu 'yan mata masu wasan ƙwallon kwando a Mali, daga hannun waɗanda aka damƙa wa horar da su, kuma binciken da FIBA ta sa aka yi ya tabbatar da cewa ɓarnar ta daɗe ana rufe ta. Mai saurare zai iya cewa, to ai wannan hujja ce ta tsare 'ya'yanmu a gida. Mu kuwa abin da muka fahimta shi ne, irin wannan ɓarna a cikin duhu take girma, inda yarinya ke tafiya gasa babu uwa, babu goggo, babu yaya, babu wanda zai tambayi inda ta kwana da wanda ya kira ta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Uwar da ta hau mota ta bi 'yarta, ta zauna a gefen fili, ta san sunan mai horarwa, ta ga masaukin da aka ba yaran, ta yi abin da doka da hukuma ba za su iya yi a madadinta ba. Don haka muke cewa, a wasan mata, mata ne suka fi kowa haƙƙin cika wurin kallo, kuma magidancin da ya sauƙaƙa wa iyalinsa wannan tafiya, bisa sharuɗɗan shari'a, kariya ya ƙara wa 'ya'yan jama'a.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Ga ladubban tafiyar, ga wanda Allah Ya nufa da yin ta. Na farko shi ne niyya da guzuri. Mutum ya tambayi kansa me zai kai shi, kuma da wane kuɗi. Domin kallo mubahi ne, ciyar da iyali kuwa wajibi ne, kuma ba a barin wajibi saboda mubahi. Wanda ya taɓa hatsin rumbu, ko kuɗin iri da taki, ko kuɗin maganin yaro, domin ya sayi tikiti, ya faɗa cikin almubazzaranci komai daɗin wasan. Hanyar da ta fi dacewa ita ce a yi shiri tun da wuri, a haɗa adashi tsakanin abokan tafiya, a zaɓi lokacin da aka gama aikin gona, kuma a nisanci cacar nan ta wasanni da ta shigo wayoyin samari, wadda ta mayar da waɗansu daga masu son wasa zuwa masu bin bashi.

Na biyu shi ne hanya. Wanda zai je Yamai daga nan sai ya bi ta Tawa, ya gangara Ƙonni, ya wuce Dogon Dutsi da Doso, tafiyar da ta haura kilomita 500. Ya riƙe katin shaidarsa, in kuwa zai ƙetare iyaka ya haɗa da takardun tafiya da katin rigakafi. Ya tambayi halin tsaron hanya kafin ya tashi. Ya bar wa iyalinsa lambar wanda zai sauka wurinsa. Mace ta yi tafiya mai nisa da yardar mijinta ko waliyyinta, tare da muharraminta. Kada zumuɗin isa da wuri, ko na komowa gida da labarin nasara, ya sa a matsa wa direban da ya gaji, ko a cusa mutum goma sha biyar a mazaunin mutum tara. Mun ga abin da ya auku a ranar 31 ga Mayu 2025, lokacin da motar da ta ɗauko 'yan wasan jihar Kano daga gasar ƙasa ta faɗa daga kan gada a hanyar Zariya zuwa Kano, saura kaɗan su isa gida, mutum fiye da 20 suka rasu. Allah Ya jiƙansu da rahama, Ya sa mu ɗauki izina.

Na uku shi ne salla, wadda ba ta faɗuwa a kan matafiyi ko ɗan kallo. Littattafan fiƙihun da muke karantawa a zaurukanmu, tun daga Risala ta Ibn Abi Zaid, sun sanya nisan ƙasaru mil 48, kimanin kilomita 80, ga wanda bai yi niyyar zaman kwana huɗu ba. Ke nan mai zuwa Tawa daga Tamaske cika sallarsa zai yi. Bugu da ƙari, Shehu Halil a cikin Muhtasar ya sharɗanta cewa sunnar ƙasaru ta wanda tafiyarsa ba ta saɓo ba ce, ba kuma ta wasa tsantsa ba. Don haka mai tafiyar kallo ya je wurin malaminsa kafin ya tashi, ya bayyana masa manufarsa, ko rakiyar 'ya ce, ko sada zumunci ne aka haɗa da kallo, ya ji hukuncin da ya hau kansa. In kuma lokacin wasa ya ci karo da La'asar ko Magariba, to ya yi alwala tun kafin ya shiga, ya san inda zai tsaya ya ba da farali.

Na huɗu shi ne haƙuri a bakin ƙofa. Taro yana kisa in aka rasa tsari: a ranar 29 ga Maris 2009 mutum 19 suka mutu a turmutsutsu a filin ƙwallon ƙafa na Abijan, kuma a ranar 24 ga Janairu 2022 mutum 8 suka rasu haka nan a filin Olembe na Yawunde. A je da wuri, a sayi tikiti a inda hukuma ta tanada, a bi layi, a riƙe hannun yaro, a lura da ƙofar fita tun lokacin shiga, kuma in aka ga jama'a sun fara turereniya, a ja da baya, domin babu wasan da ya kai rai.

Na biyar, wanda shi ne ma'aunin muru'ar mutum, shi ne harshe. Wadda ke cikin fili 'yar wani ce, ƙanwar wani ce, wataƙila matar wani ce. A yaba mata da jifarta da saurinta da juriyarta, kada a taɓa siffar jikinta da magana, kada a ɗauki hotonta a yaɗa da izgili a Facebook ko WhatsApp. Kada a zagi alƙali, kada a jefi abokan hamayya, kada a yi wa garin da ya sauke ka ɓarna, domin duk abin da ɗan kallo ya aikata a baƙon wuri, ba sunansa za a kira ba, sunan garinsu za a kira. In an ci ku, ku gaisa da waɗanda suka ci, in kun ci, ku yi hamdala, ku tausasa murna a gaban waɗanda suka rasa.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Jama'a masu saurare, kafin mu rufe, bari mu komo gida, domin gida bai ƙoshi ba ba a kai wa dawa. Ƙasar nan ta Adar ba ta bukatar wani ya zo daga waje ya gaya mata ƙarfin 'ya mace. Lokacin da aka fara aikin farfaɗo da ƙasa na Keita a 1984, da taimakon ƙasar Italiya da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya, bayan fari ya kori maza da yawa zuwa ci-rani, mata ne suka fi yawa a wuraren aiki. Su suka ɗauki duwatsu a ka, suka haƙa ramuka a kan fako, suka jera shingayen tare ruwa, aka dasa miliyoyin itatuwa waɗanda muke shan inuwarsu yau. Jikokin waɗannan mata su ne ke zaune a azuzuwan lakwal da kwalejojinmu, a gundumar Tamaske, inda ƙidayar 2012 ta samu mutum fiye da 100,000. Kuma zai zama rashin adalci a yarda cewa mace ta iya ɗaukar dutse a rana domin amfanin gari, sa'an nan a ce jikanyarta ba ta cancanci awa ɗaya ta motsa jikinta cikin sutura, a gaban iyayenta mata, domin lafiyarta da nishaɗinta ba.

Abin da ake bukata bai fi ƙarfinmu ba: fili daidaitacce a harabar makaranta, da turaku biyu na ƙarfe waɗanda maƙeranmu da masu walda za su iya haɗawa, da ƙwallo, da malama amintacciya, da kwamitin iyaye mata da zai tsaya a kan lokaci da tufafi da rakiya. Muna kira ga hukumar gunduma, da sarakunanmu, da limamai, da shugabannin makarantu, da 'yan kasuwarmu na gida da na Abijan waɗanda Allah Ya buɗa wa, su zauna su duba wannan tare. Ranar da aka ce 'yan matan Tamaske za su kara da na Keita, ko za su wakilci yankinmu a Tawa, to wannan ita ce tafiyar kallon da ta fi kowace hawa kanmu: a cika mota da iyaye mata da yayye, a je da wuri, a zauna da natsuwa, a yaba wa wadda ta yi ƙoƙari, a komo da kowace yarinya hannun mahaifanta kafin dare ya yi.

Nan za mu dakata a shirinmu na yau. Wanda ke da tambaya ko ƙarin bayani, musamman malamanmu da iyayenmu mata, ƙofar wannan gida a buɗe take, kuma za mu karanta saƙonninku a shiri na gaba in Allah Ya kai mu. Allah Ya kiyaye matafiyanmu a kan hanya, Ya shirya mana zuri'a, Ya ba ƙasarmu lafiya da zama lafiya da damina mai albarka. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

(Kiɗan rufe shiri)